Tudun yashi 1,100, babu gidan mai ko ɗaya: yadda ayarin jif ke ƙetare hamadar Simpson

Daga Mount Dare zuwa Birdsville kilomita 500 ne, ko kusa da haka. Da a ce kwalta ce mai kyau, direban da ya tashi da hantsi zai isa kafin la'asar. A wannan hanyar kuwa kwana uku zuwa huɗu ake yi, shi ma idan komai ya tafi lafiya lau. Babu gari, babu ƙauye, babu gidan mai, babu mai faci, wayar salula kuma ba ta da amfani sai ɗaukar hoto. Abin da ke tsakani shi ne hamadar Simpson a tsakiyar ƙasar Ostareliya, da tuddan jan yashi fiye da 1,100 da ke kwance layi-layi daga kudu zuwa arewa, wasunsu tsawonsu ya kai kilomita 200. Ba a kewaye su. Duk mai son ƙetarawa sai ya hau su ɗaya bayan ɗaya, ya sauko, ya sake hawa.

Duk da haka, daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da muke cikin damina su kuma suna cikin hunturu, dubban mutane ne ke ɗaure kaya su nufi wurin, ba fatauci ba, ba neman aiki ba, marmari kawai. Wasu kan je su kaɗai da iyalinsu. Da yawa kuma a ayari suke tafiya, ƙarƙashin ƙungiyoyin masu motocin jif, irin waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja. Wanda ya kalli hotunan da suke dawowa da su zai ɗauka mota ce ke yin aikin duka. Amma mota ita ce abu mafi sauƙi a cikin lamarin, kowa da kuɗinsa zai saya. Abin wuya shi ne a haɗa mutum goma sha biyar masu hali daban-daban, su yarda su bi maganar mutum ɗaya har mako biyu, kowannensu kuma ya ɗauki nauyin wanda ke bayansa.

Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan a kowane babban birni, daga Melbon zuwa Sidni, daga Adelaide zuwa Birisben. Wasu sunan mota suke ci, na masu Land Cruiser daban, na masu Nissan Patrol daban, na masu Land Rover daban. Wasu kuma na gari ne ko na unguwa. Cikinsu akwai 'yan fansho, akwai masu aikin famfo da na wuta, akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Suna taro wata-wata, suna biyan kuɗin ƙungiya, da yawansu suna buga 'yar mujallarsu. A mafi yawansu sabon shiga ba ya bin tafiya mai wuya sai ya yi horon tuƙi na ƙungiyar, ko da shekara arba'in ya yi yana riƙe da sitiyari. Akan raba tafiye-tafiye daraja-daraja, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, sannan a ƙayyade yawan motoci. Ga hamada, shida zuwa takwas sun isa. Idan suka fi haka, ayarin kan yi tsawo har na gaba ya daina jin na baya a oba-oba, kuma samun fili ɗaya da zai ɗauke su da dare ya zama aiki.

Madugu yakan fara shiri watanni kafin ranar tashi. Shi ne zai tsara zango-zango, ya tabbatar kowa ya sayi takardar izinin shiga gandun dajin hamada ta jihar Kudancin Ostareliya, ya karɓi bayanin lafiyar kowa a rubuce cikin ambulan, ya raba kayan da ba sai kowa ya ɗauka ba: wane zai riƙe wayar tauraron ɗan'adam, wane zai ɗauki babban akwatin magani, wane zai zo da kayan walda. Babbar rigimarsa da jama'a a kan nauyi take. Yashi yana sa mota shan mai fiye da ƙima, wani lokaci kusan ninki biyu na abin da take sha a kwalta, don haka sai an ƙara tanki ko an jera jarkoki. Ruwa ana lissafa lita 5 zuwa 7 ga kowane mutum a yini, a ƙara na wasu kwanaki don tsautsayi. Ga safaya taya, ga abinci, ga firij da batirinsa, ga fambel da tiyon lagireto na ko-ta-kwana. Kafin a ankara mota ta wuce nauyin da kamfani ya yanka mata. Galibin abin da ke karyewa a Simpson, daga sifirin zuwa shok har zuwa ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai, lodi ne sanadinsa. Shi ya sa madugun kirki ba ya jin nauyin buɗe bayan motar abokinsa ya ce wannan kujera da wancan tebur ba za su je ba. Tirelar da ake ja a baya ma hukuma ba ta son ganinta a can, ƙungiyoyi da dama kuma sun hana ta gaba ɗaya.

Hanyar raƙuma

Kafin a ga yashin Simpson sai an yi tafiyar kwana biyu ko uku. Masu tahowa daga kudu sukan bi ta Marree, wani ɗan gari da hanyoyi biyu na burji suka rabu a cikinsa, ɗaya ta nufi Birdsville, ɗaya ta nufi Oodnadatta. Musulmi yana da dalilin tsayawa a nan. Tun daga shekarun 1860 Turawa suka riƙa shigo da raƙuma da masu kora su daga Afganistan, Balucistan da arewacin Indiya ta wancan zamani, suka haɗa su duka suka kira su 'yan Afgan. Su ne suka yi dakon kayan da aka gina layin tangaraho da layin dogo da su, su ne suka riƙa kai gari da shayi gidajen makiyaya suna dawowa da ulu. Ɗaya daga cikin masallatan farko a ƙasar a Marree aka gina shi, na ƙasa da rufin ciyawa, kuma jirgin ƙasan da ke ratsa tsakiyar Ostareliya har yau sunansu yake ci, Ghan. Da motoci suka ƙwace kasuwar a shekarun 1920, sai aka saki raƙuman a daji. Jikokinsu suna nan birjik ba mai su, har gwamnati ta harbe kimanin 160,000 tsakanin 2009 da 2013 saboda ɓarnar da suke yi wa ruwa da shinge. Ayarin jif yakan ci karo da su a hamada, wani lokaci amale ya shiga gaban mota ya yi ta sassarfa a tsakiyar hanya ya ƙi kaucewa.

Hanyar Oodnadatta tana bin tsohon layin dogon da aka daina amfani da shi a 1980. Ana wuce gefen tafkin Eyre, wanda 'yan asalin ƙasar ke kira Kati Thanda, farin gishiri iya ganinka, ƙasansa kusan mita 15 ƙasa da bakin teku. Ana ratsa Anna Creek, gonar shanun da ta fi kowace girma a duniya, murabba'in kilomita fiye da 23,000 a hannun masu ita. Oodnadatta kanta ta yi suna da zafi: ranar 2 ga Janairun 1960 ma'auni ya nuna digiri 50.7. Daga nan hanya ta lalace. Fili ne na jajayen duwatsu masu yanka taya, burjin kuma ya yi gargada kamar kwanon rufi, yana kwance duk wani notin da ba a ɗaure da kyau ba.

A nan dokar ayari take fara aiki, kuma doka ce ɗaya tak mai muhimmanci. Kowane direba wanda ke bayansa ne amanarsa, ba wanda ke gabansa ba. Idan aka zo mararraba, zai tsaya har sai ya ga motar baya ta iso ta kuma ga inda ya karya, sannan ya wuce. Idan ya daina hango ƙurarta, ya tsaya ya kira. Ta haka idan mota ɗaya ta samu matsala, tsayuwar takan bi layi har ta kai ga madugu. A can ƙarshe akan sa gogaggen direba mai cikakkun kayan janyo mota, shi ne ke rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe, shi ne kuma ke shaida wa madugu cewa kowa ya wuce. Ba a wuce madugu, ba a faɗawa bayan na ƙarshe. Wanda ya ga abin da yake so ya ɗauka a hoto sai ya faɗa a oba-oba a tsaya masa.

A Mount Dare ake cika tanki na ƙarshe, da tsada, don shi ma man daga nesa aka kawo shi. Kilomita 70 gaba sai Dalhousie, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa a wurare fiye da 60. Babban tafkin yana da ɗumi har digiri 38, mutum ya shiga da sanyin asuba tururi na tashi, ƙananan kifaye suna tsattsagar masa ƙafa. Wasu daga cikin kifayen nan ba a samun irinsu a ko'ina a duniya. Ruwan daga wani makeken rumbun ruwa yake fitowa wanda ke kwance ƙarƙashin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Mutanen Arrernte na kudu da Wangkangurru suna kiran wurin Irrwanyere, kuma da su ake gudanar da gandun Witjira da ya kewaye shi. Wankan kirki na ƙarshe ke nan.

Hawan tudu

Hanyar da aka fi bi sunanta Layin Faransawa, domin wani kamfanin Faransa mai neman man fetur ne ya sa katafila ta tsaga ta a farkon shekarun 1960, miƙaƙƙiya sambal, ba ruwanta da tudu ko kwari. Ba a samu man da ya isa a kai kasuwa ba, sai hanyoyin suka rage wa masu yawon buɗe ido. Rijiyar Purni da ke bakin hamadar ita ma aikinsu ce ta 1963. Da suka tafi, bakin rijiyar ya yi tsatsa ya fashe, ruwa mai zafin digiri 85 ya yi ta kwarara shekara da shekaru har ya zama tafki da tsuntsayensa, sai a 1987 aka rage shi don kada ya janye ruwan Dalhousie.

A wajen Purni ayari ke tsayawa a sace iskar taya. Tayar da ke ɗauke da iska 35 ko 40 a kwalta, a ma'aunin da masu faci ke aiki da shi, akan sauke ta zuwa 18 ko ƙasa da haka. Idan taya ta yi laushi, wurin da take taka ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu, sai ta riƙa bi ta saman yashi maimakon ta haƙa rami. Duk ilimin tuƙin yashi rabinsa a nan yake. Sannan a ɗaura tuta: doka ce kowace mota ta kafa dogon sanda a gabanta da ƙyalle mai ƙyalli a samansa, ya kai mita 3.5 daga ƙasa. Hanyar ta mota ɗaya ce, kuma mai hawa tudu ba ya ganin mai tahowa ta ɗaya gefen sai sun haɗu a ƙololuwa. Tutar ce ke fara leƙowa. Kowa kuma yana barin oba-obarsa a tasha ta 10, madugu yana sanarwa lokaci-lokaci cewa motoci kaza sun nufi gabas, suna kusa da alama kaza.

Ga yadda hawan yake daga cikin mota. Direba zai zaɓi giyarsa tun yana ƙasa, domin canza giya a tsakiyar hawa yana kashe gudu, yashi kuma ba ya ba da dama ta biyu. Zai taka totur daidai wa daida, ba da ƙarfi ba. Hanyar cike take da kwazazzaɓai da waɗanda suka riga shi suka haƙa, hagu da dama, don haka motar tana tangaɗi, kwanuka na ƙara a baya, wanda ke gefe ya riƙe ƙarfen ƙofa. Can kusa da sama yashin ya fi laushi, injin ya fara nishi. Gilashin gaba ba ya nuna komai sai sararin sama. A daidai nan ake so ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta ɗora ƙirjinta a kan tudun a hankali, don bai san ko hanyar ta karya hagu ko dama a bayan ƙololuwar ba. Sai kan motar ya sunkuya, ƙasa ta dawo, ya hango kwari mai ciyawa da wani tudun yana jiransa. Zai kira na baya ya ce hanya ta buɗe. Bayan mita ɗari uku ko huɗu a sake. A yini guda, idan an yi kilomita 100 an yi ƙoƙari.

Wanda ya kasa kaiwa sama ba ya juya mota a gefen tudu, don kifewa za ta yi. Zai sa ribas ya sauko a kan sawunsa, ya ƙara sace iska, ya sake gwadawa. Idan kuwa ta kafe har cikinta ya zauna, sai shebur, sannan a cusa allunan roba masu haƙora a ƙarƙashin taya. Sai waɗannan sun gaza ake ɗauko igiyar fizga, wata igiyar nailan mai talewa, wadda motar gaba ke ja da ɗan gudu ta fizgo ta baya. Ita ce kayan aiki mafi haɗari a ayarin. An sha rasa rayuka a Ostareliya saboda wani ya maƙala ta a ƙwallon ƙarfen da ake jan tirela da shi, ƙwallon ya ɓalle ya fasa gilashi ya samu mutum. Shi ya sa a ƙungiya mutum ɗaya ne ke ba da umarni a lokacin janyowa, a jefa bargo a tsakiyar igiyar don ya kashe ƙarfinta idan ta tsinke, 'yan kallo kuma su ja da baya nesa. Mafi yawan ayari daga yamma suke shiga saboda gefen gabas na tuddan ya fi tsayuwa, kuma tuddan yamma ƙanana ne, mutum yana koyo kafin ya kai ga manya.

Da misalin ƙarfe uku da rabi madugu ke fara neman zango, a kwari tsakanin tudu biyu, ba nesa da hanya ba. Ba a tuƙin dare. Kafin a kafa tanti kowa zai shiga ƙarƙashin motarsa ya duba abin da ya kwance ko yake yoyo, ya zare busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa, don ita ke tayar da gobara. Da yawa ba sa ma kafa tanti, shimfiɗar tamfol ce da katifa a ciki, a warware ta a ƙasa a shige. A Witjira an hana wutar itace, a cikin hamadar kuma ba a yarda a tsinci itace ba, sai wanda mutum ya taho da shi. Inda aka hura wuta, tukunyar ƙarfe mai murfi ce sarauniya: a kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a sa a ciki, a zuba garwashi a ƙasa da saman murfin, bayan rabin sa'a burodi ya fito. Ƙudaje suna addabar mutane tun fitowar rana har faɗuwarta, su tafi, sanyi ya karɓe su. A watan Yuli ruwan da aka bari a bokiti yakan daskare kafin asuba. Takalmi kuma ba a barin shi a waje, karen dajin da suke kira dingo yana ɗaukewa. Shara duk a buhu take komawa gari.

Waɗanda suka riga kowa

A bakin wutar nan akan yi hirar waɗanda suka fara ƙetarawa. Ted Colson ya yi ta a kan raƙuma a 1936 tare da wani ɗan asalin ƙasar mai suna Peter Ains. Cecil Madigan, wanda ya leƙa hamadar ta jirgin sama a 1929 ya raɗa mata sunan Alfred Allen Simpson, wani attajirin Adelaide, ya ƙetare ta da raƙuma 19 a 1939. Masanin duwatsu Reg Sprigg ne ya fara ratsa ta da mota a 1962, cikin Nissan Patrol, da matarsa da 'ya'yansu biyu.

Wannan lissafi na farko-farko yana da gyara. Mutanen Wangkangurru ba ƙetare hamadar suka yi ba, a cikinta suka zauna, kaka da kakanni. Suna da rijiyoyi da suke kira mikiri, ramuka masu gangara da aka haƙa a kwari har zuwa ruwa, kowace da sunanta, hanyar da ke tsakaninsu kuma a cikin waƙoƙinsu take. Wani safiyo mai suna David Lindsay ya ziyarci tara daga cikinsu a 1886, kuma ɗan ƙabilar ne ya kai shi. Wajen 1900 na ƙarshensu suka fito suka koma gidajen makiyaya da na mishan da ke gefen hamadar, rijiyoyin suka cike da yashi. Abin da aka sani a yau game da su, mai yawa daga bakin Mick McLean ya fito, wanda aka haifa a can ciki, ya kuma yi shekaru yana karanta wa masaniyar harsuna Luise Hercus sunaye da waƙoƙi. Yanzu sunan gandun hamadar ya koma Munga-Thirri, kuma tun 2021 ɓangarensa na Kudancin Ostareliya, hekta miliyan 3.6, shi ne gandun ƙasa mafi girma a Ostareliya. Mai jif da ke alfahari da lita 200 na ruwa a bayan motarsa, ya kamata ya san a ƙasar wa yake kwana.

Kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar ake isa Kusurwar Poeppel, inda iyakokin Kudancin Ostareliya, Kwinsland da Yankin Arewa suka haɗu. Safiyo Augustus Poeppel ya kafa turke a nan a 1880, daga baya aka gano sarƙar awonsa ta ƙara tsawo da kusan inci ɗaya saboda zafi da gogayya. Inci ɗaya a kowace sarƙa, a tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya kauce da turken kimanin mita 300, sai da aka dawo aka gyara a 1884. A nan kowa ke ɗora hannu a kan turken a ɗauke shi hoto yana yanki uku a lokaci guda.

Abin mamaki, ruwa ya fi yashi tsayar da ayari. Tsakanin tuddan akwai busassun tafkunan gishiri da filayen laka, masu tauri a sama, taɓo a ƙasa. Ruwan sama kaɗan ya isa ya mai da su tarko. Rafin Eyre da ke gab da Birdsville kuma yakan cika da ruwan da aka yi can arewa a Kwinsland, ɗaruruwan kilomita daga nan, ya datse hanya wata da watanni alhali ko girgije babu a sama. A Nuwambar 2021 wasu ma'aurata da ƙananan 'ya'yansu biyu suka kafe a taɓo a gefen hamadar. Suka danna 'yar na'urar neman agaji, saƙon ya kai Kanbera ta tauraron ɗan'adam, jirgi ya jefa musu ruwa da waya, bayan 'yan kwanaki mai saukar ungulu ya ɗauke su. A Disambar 1998 kuwa, kusa da tafkin Eyre, wasu baƙi biyu daga Ostiriya sun kafe a yashi. Macen ta bar motar ta kama hanya a ƙasa cikin zafi, ta mutu. Namijin da ya zauna wurin motar, inda ruwa yake, ya rayu. Da 'yan sanda suka zo, iskar taya suka sace, suka ɗan haƙa, motar ta fita. Tun daga ranar farko ta horo ake nanata wa sabon ɗan ƙungiya cewa ba a barin mota. Yanzu ma hukuma na rufe hamadar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Mutumin Agadas ko Damagaram ba ya buƙatar a koya masa wannan. Irin motocin nan ne, Hilux da Land Cruiser, ke bin Tenere zuwa Dirku, direbobinsu kuma sun san sace iskar taya ba tare da sun shiga wata ƙungiya ba. A Oktoban 2013 motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit a hanyar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, mafi yawa mata da yara daga jihar Damagaram. Yashin ɗaya ne, ƙishirwar ɗaya ce. Bambancin shi ne mai yawon Simpson yana da maɓallin da zai danna, yana da wanda ya san ranar da ya kamata ya fito, yana da likitocin jirgin sama da Fasto John Flynn ya kafa tun 1928. Kasadarsa kasada ce da aka kewaye da shinge, kuma a ganina wannan ba abin raini ba ne. Abin da ya kamata kowace hamada da mutane ke bi ta samu ke nan.

Ba a rasa abin zargi ba. Duk wanda ya ƙi sace iska, ko ya ja tirela mai nauyi, yakan hau tudu da ƙarfin totur, tayoyinsa su haƙa ramuka, na bayansa su ƙara zurfafa su. Idan hanya ta gagara sai wani ya buɗe sabuwa a gefe, ya tattake ciyawar da ke riƙe da yashin. Akwai tuddan da yanzu hanya uku ko huɗu ce ta tsaga su. Takardar bayan gida da ba a ƙone ko binne da kyau ba, dingo ya tono ta, iska ta rataye ta a ciyawa. 'Yan ƙungiyoyi sukan ce ba su ba ne, masu zuwa su kaɗai ne, kuma gaskiya ne su ke fita aikin gayya na kwashe shara da gyaran wuraren zango. Amma taya ba ta da katin ƙungiya, mota takwas sun fi ɗaya nauyi ko da ladabinsu ya kai ina.

Tudu na ƙarshe shi ne babba, Nappanerica, wanda kowa ke kira Big Red, kusan mita 40, kilomita 35 daga Birdsville. Akwai hanya mai sauƙi ta gefe, amma ba mai son a ce ta nan ya bi. Akan ƙara sace iska, jama'a su hau sama da ƙafa su zauna suna kallo, suna shewa ga wanda ya kai, suna tsokanar wanda ya sauko da baya. Daga nan sai a tayar da famfo a mayar wa tayoyi iskarsu, aikin da ke cin kusan rabin sa'a.

Birdsville gari ne na mutum ɗari da 'yan kai, sai lokacin sukuwar dawakinsa ta watan Satumba, wadda aka fara tun 1882, dubbai su cika shi. Akwai otal ɗin da aka gina a 1884, akwai gidan burodin da ya yi suna da fanken naman raƙumi, akwai garejin da ke shiga hamada ya ɗauko motar da ta mutu a kan dubban daloli. Kafin kowa ya watse, madugu zai bi mota-mota da littafinsa a gidan mai yana rubuta lita nawa kowa ya sha daga Mount Dare, da irin injinsa, da abin da ya karye masa. Wannan zai shiga rahoton tafiya da za a karanta a taron wata mai zuwa a kuma buga a mujallar ƙungiya, wanda madugun baɗi zai yi lissafin jarkokinsa da shi. A wasu ƙungiyoyin, rubuta rahoton tara ce: wanda ya fi kowa makara ranar tashi, shi ake ɗora wa.